DAGA BAKOLORI ZUWA AGEGE: FILI NE TUSHEN RIGIMA

Duk wanda ya zauna a Zangon Agege ya san ba jiya Hausawa suka zo Ikko ba. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano a 1912, fatake suke saukowa da shanu suna komawa da goro, har waɗansu suka nemi wurin zama wajen Yarbawan Awori masu ƙasar, suka yi gidaje da masallatai, suka naɗa Sarkin Hausawa. Waɗannan ciniki ya kawo su. Amma yawancin samarin da manyan motoci ke saukewa a zamanin nan, rashin gona ne ya koro su.

Farin 1973 ya kashe dabbobi ya kori dubban talakawa daga ƙauyuka. Sa'an nan a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filin kowace jiha a hannun gwamna. Bisa wannan doka, in hukuma ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar shuka da gini za ta biya, ban da ƙasar kanta.

Mutanen Bakolori, kusa da Talata Mafara, sun ɗanɗana kuɗarsu. Da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, diyya kuwa ta yi nawa. Manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Manomin da ya rasa gona ba ya da abin yi sai ci-rani, kuma irinsa ne ke cika Agege da Mile 12 da Idi-Araba, yana dako, ko ga-ruwa, ko gadi.

To, abin takaicin shi ne a nan ma ƙasar ba ta tabbata a ƙarƙashin ƙafarsa. Rumfuna da ɗakuna da yawa bisa yarjejeniyar baka aka kafa su, tsakanin kakanni da kakanni, ba takarda. Yau fili a Ikko ya zama zinariya, jikokin masu ƙasa, wato omo onile, sukan dawo su ce a sake biya ko a tashi. Hukuma ma takan zo da nata aikin, kamar gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 bayan an rushe gine-gine a gefen hanya. Mai takarda yana da bakin neman diyya, maras takarda sai ya kwashe tabarmarsa.

Irin wannan ƙunci ne ake sa wa rigar ƙabila ko ta addini. Faɗan kasuwar Mile 12 na watan Nuwamba 1999 a kan shugabancin kasuwa ya faro, kafin 'yan OPC su shiga a yi asarar rayuka. Na Shagamu kuwa, a watan Yuli na shekarar, a lokacin bikin Oro ya tashi, aka yi ramuwa a Kano a kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. Alhali kuwa a Agege Bahaushe da Bayarabe sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a, an kuma yi auratayya.

Saboda haka, jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda zai sayi fili ko ya kama haya, ya nemi rasit da shaidu, ya kai wa lauya ya duba, ya kuma yi rajista. A sani kuma tun 2016 Jihar Legas tana da dokar da ta haramta ƙwace fili da ƙarfi. In gardama ta taso, a kai ta gaban Sarkin Hausawa da Baale tun ba ta kai bakin masallaci ba. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.