Magangarar Ruwan Timiya

Yara, in an yi ruwa mai yawa a Buza ko Keita, kun san yadda yake zubowa daga kan duwatsun Adar da ƙugi. Ba ya daɗewa, sai ya wuce. A ƙasar Abzin akwai wurin da ruwa ke zubowa haka daga bisa dutse. Wurin yana kusa da garin Timiya, garin Abzinawa Kel Ewe.

Timiya tana da nisa. Daga Madawa sai a bi ta Tawa da Abalak a kai Agadas. Daga can kuma akwai fiye da kilomita 200, cikin duwatsu da rairayi. Mota tana wahala, mutanen cikinta ma haka.

Baƙon da ya isa yakan yi mamaki. Ko'ina baƙin dutse, amma ga garake kore shar! Akwai dabino, da lemu, da rumman, da alkama. Raƙumi ne ke jan wasaki daga rijiya don ban ruwa. Bisa tudu akwai wata ganuwa da sojan Faransa suka gina a 1952.

Baƙo ya fita gari, ya taka da ƙafa har gindin dutsen. Da damina ruwa na zubowa sosai, yana faɗawa cikin wani tabki mai sanyi. Da rani kuwa sai ɗan siriri, kamar ana tsiyaya buta. Wani baƙon yakan ɓata rai, ya ce: «Don wannan na sha wannan wahala?»

Shi makiyayi ba ya faɗin haka. Ruwan da baƙo ya zo kallo, shi awaki da raƙuma suke sha. Wanda ya nutse cikin rairayin kwari kuma shi ke cika rijiyoyin garake. In baƙo ya shiga da sabulu, ko ya yar da gwangwani, dabbobi ne za su sha dattin. Shi ya sa ake son ya fara gaida mutanen gari, ya ɗauki ɗan jagora, ya kuma tambaya kafin ya ɗauki hoton kowa.

Dā Turawa suna zuwa da yawa, maƙera suna sayar musu da kayan azurfa. Tawayen 1990 ya rage su, na 2007 ya kusa tsaida zuwansu. Lemun Timiya dai har yanzu ana kai shi kasuwar Agadas.