Me Ya Sa Ake Cire Alama Daga Sabon Iri?

Manoma, kun ji labarin waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda aka fitar a 2019. An sa masa wata sabuwar ƙwayar gado mai kashe tsutsar da ke huda kwanson wake.

In masana za su yi irin wannan aiki, tsiro kaɗan ne ke karɓar ƙwayar. Don a gane su, sai a haɗa ta da wata, wato alama. Sannan a zuba magani, kamar kanamaisin. Mai alama ya rayu, marar ita ya mutu.

Daga nan alama ta gama aikinta. Wasu masu saye ba sa son ta cikin abinci, shi ya sa akan cire ta daga wasu iri. Ga biyu daga cikin hanyoyin:

1. A sa ƙwayoyin biyu dabam-dabam, a shuka 'ya'yan, a zaɓi waɗanda suka gaji mai amfanin kaɗai.
2. A datse alamar da wani sinadari mai aiki kamar almakashi.

Ku tuna, ba alama ke kashe tsutsa ba. Da ita ko babu, sauran ƙwari suna bukatar feshi. Ku tambayi malamin gona lokacin da ya dace.