Ƙananan Kifi: Ruwa Ɗaya, Jini Ɗaya, Asara Ɗaya



Duk mai kiwon kaji ko tarwaɗa ya san abinci ke cinye fiye da rabin jarinsa, kuma garin kifi na cikin abin da ya fi tsada a haɗin. Galibi daga ƙananan kifin nan masu yawo garke-garke a saman ruwa ake samunsa, irin warangin tafkin Kainji. In sun yi ƙaranci, buhun abinci ya tashi, ribarmu ta tafi.

Lokacin da nake karatun kasuwancin noma na fahimci cewa kafin a tsara kamun kowane kifi, sai an amsa tambaya guda: kifin ruwan nan dangi ɗaya ne, ko gida-gida suke? Masana kan yanki ɗan fiffiken kifi daga wurare daban-daban, su gwada ƙwayoyin gadonsa, wato DNA. In gida-gida ne, duk gidan da aka ƙarar ya tafi, na maƙwabta ba za su cike gurbinsa da wuri ba. In dangi ɗaya ne kuwa, ɓarnar gefe guda kowa za ta shafa.

Ga misali daga tafkin Tanganyika a gabashin Afirka, mai tsawon sama da kilomita 600, wanda Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya ke rabawa. A 2019 aka fitar da binciken da ya nuna ɗan kifin da suke kira dagaa kusan jini ɗaya ne daga arewa har kudu. Ma'ana, dokar ƙasa ɗaya ba ta isa ba, sai huɗun sun haɗa kai.

A nan gida ma, tafkin Kainji da aka tare a 1968 yana tsakanin jihohin Neja da Kebbi. A shekarun 1990 jihohin biyu suka hana jan tarun da ake kira dala, don yana kwaso 'ya'yan manyan kifi tare da warangi.

To mu fa? Gulbin Zamfara da ya ratso ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi, shi ne ya shiga Kebbi ya haɗu da gulbin Sakkwato, su zuba a Kwara. Da damina ruwa kan malala fadamu, kifi ya shiga ya yi ƙwai. Da rani sai tafkuna su yanke, kifin da ya rage cikinsu shi ne irin baɗi. Wanda ya ja gidan sauro ya share tafki a Anka, wallahi har masuncin Gummi ya cuta.

Shawarata uku ce. Kada mu sayi 'yan mitsi-mitsin kifin da aka kamo da gidan sauro, komai arharsa, don kuɗinmu ne ke ƙarfafa ɓarnar. Mu rage dogaro da garin kifi, mu haɗa da waken suya da aka soya da ƙuli-ƙuli. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa kuma, ku daina haɗa uwa da ubanda suka fito ciki ɗaya. Ku nemo namiji daga wata gonar, in ba haka ba za ku ga 'ya'yan ba girma, ga lanƙwasar baya, ga yawan mutuwa.

Wanda ya cinye iri, me zai shuka in damina ta faɗi?

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.