Tarayyar Mota Da Makomar Sufuri A Kafanchan Da Kudancin Kaduna

KAFANCHAN: Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin duk wani mai mota a ƙasar nan ya sauya. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ba a je ko'ina ba sai da ta ƙetare Naira 1,000 a gidajen man kamfanin NNPC na Abuja. A kudancin Jihar Kaduna, inda kusan kowane buhun citta da kowane fasinja ta hanyar mota suke fita, wannan tsada ta sake ta da wata tsohuwar tambaya, watau ko ya wajaba kowane ɗan kasuwa da kowane babban ma'aikaci ya ɗaure jarinsa a jikin motar da shi kaɗai yake hawa.

Abin da masana sufuri suke kira tarayyar mota iri biyu ne. Akwai wanda ƙungiya ko kamfani yake mallakar motoci, membobi su riƙa ɗauka na 'yan sa'o'i suna biyan gwargwadon lokaci da nisan tafiyar da suka yi. Akwai kuma wanda mai mota yake ɗaukar masu zuwa inda za shi, a yi karo-karon kuɗin mai. Tushen duka biyun ɗaya ne. Masu nazarin tsarin birane, irin su Farfesa Donald Shoup na Amurka, sun nuna cewa motar gida takan shafe kimanin kashi 95 cikin 100 na lokacinta a ajiye, alhali kuɗin sayenta da na inshora da na takardu ba sa jiran ta motsa, darajarta kuma kullum raguwa take yi.

A ƙasar Suwizalan aka fara gwada iri na farko, a birnin Zurik a 1948, a tsakanin mutanen da ba su da halin sayen mota. Amma sai a 1987 abin ya kafu sosai, da aka kafa ƙungiyoyin gama-kai guda biyu waɗanda suka haɗe a 1997 suka zama Mobility. Daga baya 'yan kasuwa suka shigo. Kamfanin Zipcar da aka kafa a Amurka a shekara ta 2000, kamfanin Avis ya saye shi a 2013 a kan kimanin Dala miliyan 500, shi kuwa BlaBlaCar na Faransa ya gina kasuwancinsa ne a kan sayar da kujerun da ba kowa a motocin matafiya. Ba duka aka ci riba ba. Shirin Autolib na birnin Paris ya rushe a 2018 saboda asara, haka kuma GoMyWay na Legas, wanda ya so ya haɗa masu mota da fasinjoji ta intanet, ya rufe a 2017 bayan kimanin shekara biyu.

A gaskiya mutumin Kafanchan ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Jirgin ƙasa ne ya raya garin, domin a 1927 aka kammala layin dogo daga Fatakwal zuwa Kaduna ta Kafanchan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗar da ta tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina a Nijeriya. Da harkar jirgi ta fara durƙushewa a shekarun 1980, nauyin ya koma kan hanyoyin Kachia da Kwoi da Gidan Waya da Manchok. A daidai lokacin ne shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar Fijo ta kamfanin PAN na Kaduna ta gagari ma'aikaci, waɗanda suke da mota kuma suka shiga kabu-kabu bayan tashi daga ofis don su sami na mai. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin bas-bas na jigilar jama'a a 1988, amma manyan birane suka fi cin moriyarsa. An ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, sashen Fatakwal zuwa Aba kuwa shi ne aka buɗe a 2024.

Saboda haka tasi mai lodin fasinja shida, da shatar akori-kura da manoma uku ko huɗu suke yi ranar kasuwa, da Keke Napep ɗin da ke kai-komo tsakanin Kafanchan da Kagoro, duk tarayyar mota ce. Abin da ya rage shi ne tsari. Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, don haka ɗan kasuwar da yake da alkawari a Kaduna ba ya iya faɗin lokacin isarsa, wannan ne ma babban abin da ke tura mai ɗan hali sayen tasa. Akori-kurar da ta kai citta Kachia sau da yawa wayam take komowa, kuma mai kayan ne yake biyan man zuwa da na dawowa ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba.

Lissafin ba shi da wuya. A misali, idan tafiya ta ci lita 20 a kan Naira 1,000 kowace lita, mai mota shi kaɗai zai biya Naira 20,000, in kuwa su huɗu ne kowa Naira 5,000 zai bayar. Sai dai mai ba shi ne babban kashin ba. Miliyoyin da aka zuba a motar Kwatano ɗaya za su iya sayen buhunan citta a lokacin kaka a ajiye har farashi ya tashi. Manoman Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, waɗanda cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta cinye wa jari, sun fi kowa sanin abin da rashin kuɗi a hannu yake nufi. Ga irin waɗannan, akori-kura ɗaya ta ƙungiyar gama-kai, da direba guda mai albashi, da littafin da ake rubuta ranar kowa, ta fi dacewa da tsarin Turai inda kowane memba yake tuƙa motar da kansa. Direba ɗaya ya san ciwon motarsa, hannaye goma kuwa kowa zai ce ba a hannunsa ta lalace ba. Al'adar adashi ta riga ta koya wa jama'a jiran kwasa, sai dai adashi ba ya buƙatar taya ko bakanike, don haka ƙungiyar da ba ta ware asusun gyara daga kowane lodi ba, ranar da inji ya buga ranar za ta watse.

Akwai matsaloli na doka da ya kamata mai sha'awar zuba jari ya sani. A Nijeriya lambar motar gida shuɗin rubutu gare ta, ta haya kuwa ja, kuma inshorar motar gida, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga mafi ƙanƙantar kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 tun Janairu 2023, bisa al'ada ba ta ɗaukar nauyin hatsarin da ya auku ana ɗauke da fasinjan kuɗi. Sa'an nan ga ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, da 'yan kamashon da abincinsu yake tasha. Duk shirin da ya ɗauki fasinja a bayan idonsu zai gamu da rigima a bakin hanya, alhali in an jawo su cikinsa su ne suka fi kowa sanin wa ke zuwa ina a kowace safiya.

Mafi nauyi shi ne amana. Yankin ya sha fama da rikice-rikice da satar mutane a kan hanya, ba kowa ne zai buɗe wa wanda bai sani ba ƙofar motarsa don wata manhaja ta wayar salula ta ce amintacce ne. Wannan ne ya sa ake ganin tarayyar za ta fi saurin kama ƙasa a wuraren da mutane suka riga suka san juna, kamar ma'aikatan reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da na babban asibitin Kafanchan, da ƙungiyoyin kasuwa da na coci da na masallaci. Ma'aikatan wuri ɗaya lokacin shigarsu da na tashinsu ɗaya ne, ba sa buƙatar abin da ya wuce lambar wayar juna.

Ta fuskar tsarin gari kuwa, gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta sa Kafanchan cikin shirin sabunta birane na 2019, ta kuma kafa wa garin hukumar raya birni a 2021. Faɗaɗa titi yana sauƙaƙa tafiya, amma kwarewar manyan birane ta nuna sabon titi yakan jawo ƙarin motoci ne har ya sake cika. Birnin Bremen na Jamus ya bi wata hanya mai arha: tun 2003 ya fara keɓe gurabe a gefen titi don motocin tarayya kusa da tashoshin bas, a 2009 kuma ya sa wa kansa burin samun masu amfani da su 20,000 kafin ƙarshen 2020. Kafanchan tana da damar da Kaduna da Abuja suka riga suka rasa, domin har yanzu ba ta cushe ba. Keɓe wuraren lodi masu rumfa a bakin kasuwa da asibiti da tashar jirgi, da yi wa motocin ƙungiyoyi rajista ta musamman, da sa wa wasu motocin tasha lokacin tashi ko sun cika ko ba su cika ba, aiki ne da ƙaramar hukumar Jama'a za ta iya farawa da kuɗin da bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba. Bas-bas 100 masu amfani da iskar gas da gwamnatin Sanata Uba Sani ta ƙaddamar a 2025 a birnin Kaduna suka fara aiki, ƙaramar mota mai kujera huɗu zuwa bakwai kuwa ita ce take shiga Kwoi da Zonkwa da Godogodo.