Ganin gida da damana: lissafin da ya kamata a yi kafin a hau mota

Da zarar an rufe lakwal a ƙarshen watan Yuni, sai tashoshin mota na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram su cika maƙil tun kafin kiran assalatu. Ma'aikaci ya samu hutu, ɗan kasuwa ya damƙa wa yaronsa shago, uwargida ta ɗaure kaya, ƴan lakwal sai ɗoki suke yi: za a tafi ganin gida. Wanda ya taso daga Yamai zai bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Madawa, ya ci kusan kilomita 660 kafin ya sauka Maraɗi. Mai zuwa Damagaram kuwa sai ya ƙara gaba ta Tasawa da Takeita, ya cika wajen 900. Ga wasu ma daga nan tafiyar take somawa, domin sauran hanya ta rairayi ce, sai motar ranar kasuwa, ko babur, ko amalanke.

Al'ada ce mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar ta. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Wayar salula ta rage mana nisa, ana gaisawa kullum, ana aiko kuɗi cikin ƴan mintoci, amma waya ba ta nuna wa ɗa cewa mahaifinsa ya rame, ba ta nuna wa jika kushewar kakansa. Sai dai, ƴan uwa masu karatu, babban hutu yana faɗowa daidai watannin da suka fi tsanani a karkara. Yuli, Agusta da Satumba su ne watannin da rumbu yake ƙasa, aiki yake sama, sauro kuma yake cin kasuwarsa.

Mu fara da rumbu, mu yi lissafi tare. Ma'aikatan noma na ƙasarmu sun saba ƙiyasta wa mazaunin karkara kilo 250 na hatsi a shekara. Tiya ɗaya kusan kilo 2 da rabi ce, ke nan tiya 100 a shekara, wato tiya 8 da ɗan ɗori a wata. Magidanci ya zo da matarsa da ƴaƴa 4. Idan aka ɗauki yaran a matsayin manya biyu, bakuna 4 ke nan, tiya 32 ko fiye cikin wata guda. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Ashe hutun wata ɗaya yana iya lashe kusan buhu, a lokacin da tiya ta fi tsada a kasuwa, kuma masu noma suna bukatar fura mai kauri kafin su riƙe hauya tun safe har azahar.

Mutanen gida ba za su faɗa ba. Ɗa ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ce: "Inna, yaya rumbu bana?" Sai ta kawar da kai ta ce: "Alhamdu lillahi, da sauran albarka. Kai dai ci abincinka." Washegari a yanka zakara, jibi a yanka zabuwa, alhali kajin nan su ne asusun tsohuwa, da su take sayen sabulu da magani. Mai son sanin gaskiya ya tambayi matar wansa, ita da take daka, ita ta san damin da ya rage. Mafi sauƙi ma kada a tambayi kowa: a sauko da buhun hatsi ko na shinkafa daga mota tare da akwati, a ce na yara ne. Haka ba a kunyata kowa ba.

Tsarabar da ta dace da gona

Turmin atamfa da goro da sukari suna da wurinsu, ba a raina su. Amma ga manomi akwai tsarabar da ya kamata ta riga baƙo isowa. Irin shuka da taki ana bukatarsu tun kafin ruwan farko. Jika 10 da aka aiko a watan Mayu ta fi jika 20 da aka zo da ita a Agusta, lokacin da hatsi ya riga ya kai ƙugu. Irin hatsi mai saurin nuna, kamar HKP da aka daɗe da sani a ƙasar nan, ko Chakti da aka fitar a 2018 mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, ana neman su wurin malaman gona da shagunan kayan noma na ƙungiyoyin manoma. Takin zamani kuwa ba sai an watsa shi gona duka ba. Dabarar da masu bincike na ICRISAT a Sadore da na INRAN suka gwada ita ce a sa gram 6 na 15-15-15, ko gram 2 na DAP, a kowane gurbin shuka. A gona mai eka ɗaya ta faransa, wato hekta, mai gurbi 10.000, kilo 60 ke nan na farko, ko kilo 20 na biyu. Wannan bai fi ƙarfin ɗan albashi ba, in ya tuna da wuri.

Wanda ya zo a Yuli ko Agusta kuwa, ya dubi kaka. Wake shi ne kuɗin manomi, kuma ƙwaro shi ne ɓarawonsa; tsoron ƙwaro ne yake sa a sayar da wake da arha tun a masussuka. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka gwada shi tare da masu bincike na INRAN a Maraɗi, aka soma yaɗa shi daga 2007, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki sai iska ta ƙare musu, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an sa ɗigon magani ba. In leda ba ta huje ba, ana sake aiki da shi wata shekara. Buhu biyu ko uku ba su da nauyi a kaya, amma suna iya riƙe wake har bazara, lokacin da kuɗinsa yake tashi.

Wannan magana ta kawo mu ga ɗakin baƙi. A gidaje da yawa, ɗakin da ake share wa baƙo shi ne wanda ake ajiye buhuna a ciki. To, a tambaya kafin a shimfiɗa tabarma: an jefa wa buhunan nan ƙwayar magani? Ƙwayoyin nan masu launin toka suna fitar da iska mai guba, mai wari kamar tafarnuwa, kuma ba ta tsayawa cikin buhu. Wanda ya kwana a rufaffen ɗaki da ita yana tashi da ciwon kai, amai da ƙuncin ƙirji, yaro ƙarami kuwa tana iya kashe shi cikin dare ɗaya. Haka nan fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki don korar sauro: maganin ƙwari ne mai ƙarfi, ba a yi shi don wurin kwanan mutane ba. Gara a kwana a rumfa cikin sange.

Sauro ba ya sanin baƙo

Masassarar cizon sauro tana yin ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ƙananan yara da mata masu ciki ta fi kayarwa. Kada a dogara da sangen gida, domin sau da yawa guda ne, ya tsufa, kuma kaka za ta cire nata ta ba jikoki ta kwana a fili. Kowane iyali ya zo da nasa, mai magani. In sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, a ɗinke duk inda ya yage. Mai kwana a tsakar gida sanda huɗu sun ishe shi kafa shi. Yara su shiga da wuri, don sauron da ke kawo cutar daga almuru yake fara aiki har wayewar gari.

Akwai wani abin da matafiya suke yawan mantawa. Tun 2013 ake raba wa yara masu wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassara da damana, sau ɗaya kowane wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye kwana uku ne: ranar farko a gaban masu rabo, sauran biyu uwa ce take ba da shi a gida. Yaron da ke kan hanya yana iya faɗawa tsakani, masu rabo su zo unguwarsu bayan ya tafi, su wuce ƙauye kafin ya iso. Saboda haka karnen yaro da katin rabon su shiga jaka kafin takalmin salla, kuma ranar da aka sauka a tambayi mai gari ko malamin likita yaushe ne zagaye mai zuwa. Mai ciki ita ma ta riƙe karnenta, kada hutu ya tsallake mata awo da ƙwayoyin rigakafin da ake sha a wurin awo. A watan Satumba na 2024 aka soma yi wa jarirai allurar rigakafin wannan cuta a Gaya; taimako ce babba, amma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin sange.

Ƴan uwanmu da suka yi shekaru a Libiya ko Aljeriya, su ma su yi hattara. Ɗan ƙarfin da jiki yake samu saboda yawan haɗuwa da cutar yana raguwa in an daɗe a ƙasar da babu ita. Ƙato yana iya dawowa gida da ƙiba da kuɗi, mako biyu ya kwanta kamar jariri.

Idan jikin yaro ya yi zafi, kada a kwana biyu ana jiƙe-jiƙe ko ana sayen ƙwayoyi wurin masu talla. A kai shi likita cikin yini da kwana. Gwajin ɗigon jini a yatsa ba ya wuce minti 20. In kuwa yana jijjiga, ko ya kasa sha da tsotso, ko yana amayar da kome, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari, to ko tsakar dare ne a ɗaura amalanke. Tun 2006 hukuma ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, amma mai hankali yana ware ƴan kuɗi a gefe saboda abin hawa, da ranar da magani ya yanke. Kuɗin komawa daban, na ciwo daban.

Sai ruwa. Cikin yaron da ya saba da famfo ba ya jure ruwan rijiyar da damana ta kwararo wa ƙazanta. A tafasa na sha, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. In zawo ya kama yaro, a dama garin gishiri da sukari na likita cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma kada a yanke masa nono ko abinci. Mun rabu da kurkunu, an tabbatar wa Nijar da haka a 2013, amma tsargiya tana nan cikin tafkuna. Tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Ɗan birni kuwa da ya ga tafki, sai ya tuɓe riga. Ga kuma haɗarin nutsewa, da na korama mai tasowa ba sallama. Wanda ya ga ambaliyar 2024, wadda ta yanke hanyoyi har ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kada dai tsoro ya sa a tsare yara a zaure. Su bi ƴan uwansu gona, su riƙe hauya ko da kunya biyu ce, su san bambancin hatsi da dawa, su ga ƙuduji da idonsu. A nuna musu gawo, kalgo da sabara da aka bari suna tashi a tsakiyar shuka. Wannan sassabin zamani, da aka soma ƙarfafa shi a yankin Maraɗi tun 1983, an ƙiyasta ya mayar da itatuwa a hekta wajen miliyan 5 na ƙasar nan, kuma iyayensu ne suka yi shi da wuƙa da gatari. Ni a ganina darasi ne da ya fi wanda ke cikin littattafai da yawa.

Tsofaffi kuma, ban da gaisuwa da tsaraba, a raka su likita a auna hawan jini, don cuta ce da ba ta yin shela. Wanda ya iya karatu ya zazzage ƙullin magungunan da ke ƙarƙashin gadon baba, ya duba kwanan watan da ke jikin kowane kwali, ya fid da wanda ya lalace.

Ranar komawa za a cika mota da tumu, gujiya, ƙwan zabi da kaji. Kajin a ware su mako biyu kafin a gama su da na gida, haka ma wanda ya saya a bakin hanya zai kai ƙauye, domin kaza guda mai ciwo tana share akurki. Sangen da aka zo da shi a bar wa Inna, in akwai wani a birni. Bayan an sauka, a sa wa yara ido: masassara tana iya ɓoyewa mako ɗaya ko biyu bayan cizon, har fiye, ta fito ana shirin komawa lakwal. Jinin tsargiya kuwa sai bayan wata biyu ko uku yake bayyana a ƙarshen fitsari, kuma yaro yana jin kunyar faɗa, sai uba ya tambaye shi. Duk wanda aka kai likita, a gaya wa malamin garin da aka je, kwana nawa aka yi, da ko yaron ya shiga tafki.