Agana a Cikin Kwalba

Duk wanda ya manyanta a cikinku, in ya naɗe hannun riga ya dubi dantsensa, mai yiwuwa ya tarar da tabon lamba, wadda malaman asibiti suka bi gari-gari suna yi wa talakawa da sarakuna domin kau da cutar agana, har Allah ya nufa aka ga bayanta a Nijeriya a shekarar 1970. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne, wadda agana ta kashe ta ƙarshe a duniya ba a wani ƙauye mai nisa da asibiti cutar ta same ta ba. A cikin makarantar koyon likitanci ta same ta, a birnin Birmingham na Ingila.

Sunanta Janet Parker, shekarunta 40, sana'arta ɗaukar hoto. Alhali kuwa ɗakin da take aiki yana bisa bene, a ƙarƙashinsa akwai ɗakin binciken Farfesa Henry Bedson, malami mai daraja, inda ake ajiye ƙwayar agana domin nazari. Ran 11 ga Agusta 1978 ta fara ciwon kai da ciwon jiki, ƙuraje suka feso mata, aka zaci ƙarambau ce, domin wa zai kawo agana a ransa a Ingila, bayan tun watan Oktoba na 1977 ba a sake jin ɗuriyarta ba, tun da ta kama wani mai dafa abinci a Somaliya? Kwana tara, masu sauraro, kwana tara baiwar Allah nan tana kwance kafin a kai ta asibiti. Aka killace iyayenta, uban ya rasu da ciwon zuciya, uwar ta kamu amma ta warke, shi kuma Bedson, da nauyin al'amarin ya danne shi, ya halaka kansa. Ran 11 ga Satumba Janet ta cika.

Kwamitin binciken gwamnati ya tarar ba a kiyaye ƙa'idojin ɗakin yadda ya wajaba ba, ya kuma yi zargin cewa ƙwayar ta bi ta bututun da ya ratsa ginin, ko da yake kotu ta wanke jami'ar da makarantar take ƙarƙashinta daga baya. Ni dai a ganina, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa kowa amanar da aka danƙa masa.

Lokaci yana ƙure mana, amma ku ji wannan. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta ƙarewar agana a 1980, aka taƙaita ajiyar ƙwayar a wuri biyu, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha. Sai ga shi a 2014, ma'aikata suna kwashe kaya daga wani ɗakin sanyi a Bethesda ta Amurka, suka ci karo da kwalabe shida na agana a cikin kwali, tun na wajen 1950, an manta da su.

Saboda haka, malaman ɗakunan gwaji da ke saurarenmu, safar hannu da farar riga da kulle ƙofa duk wajibi ne. Amma gobe in Allah ya kai mu, don Allah ku buɗe firij, ku ɗauko rajista, ku gwada kowace kwalba da abin da aka rubuta.