Abin da ke faruwa da hotonku bayan kun ɗora shi a intanet

Mene ne ƙaramin hoton nan?

Idan kun buɗe shafin sayar da kaya, kukan ga ƙananan hotuna a jere, na takalma ko na atamfa, sai kun taɓa ɗaya sannan babban ya fito. Ƙaramin nan kwafi ne da na'ura ta rage. Waya mai kyamarar megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye, nauyinsa kan kai megabayit 3. Kwafin kuwa ba ya cika wuce kilobayit 30, alhali kilobayit kusan 1,000 ke yin megabayit ɗaya.

Yaya ake yin sa?

Hoton yana zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Ita ce za ta fara tantance shi: hoto ne na gaske, ko mugun fayil ne aka laƙaba wa sunan hoto? Wannan binciken yana da muhimmanci ƙwarai. A 2016 an gano wata ɓaraka a ImageMagick, manhajar da shafuka da dama ke sarrafa hotuna da ita, wadda ta ba masu kutse damar juya sabar ta hanyar ɗora fayil kawai.

Daga nan hanya biyu ce. Wasu shafukan suna yin ƙananan kwafi tun lokacin ɗorawa. Wasu kuma sai an nema, kamar tela da ba ya sa almakashi a yadi sai mai riga ya zo an auna shi. Wayarku ta nemi hoto mai faɗin ɗigo 300, sabar ta rage shi nan take, ta aiko muku, ta kuma adana kwafin domin mai zuwa bayanku. Shi ya sa wani lokaci hoto kan ɗan yi jinkiri a buɗewar farko.

Wa abin ya shafa?

Duk mai sayen data. Shafi mai hotuna 40 da ba a rage ba zai iya cinye muku megabayit 120. Idan an rage su, da ƙyar ya wuce megabayit ɗaya. A ganina, mai shafin da ya bar hotunansa da nauyinsu bai tausaya wa masu ziyara ba.

Me ake asara?

Mai shafi yana biyan kuɗin ajiya da na aikin sabar. Hoto kuma yana rasa ɗan kyansa, musamman nau'in hoton da ake kira JPEG, domin duk lokacin da aka sake matse shi akwai abin da ke zubewa.

Akwai kuma batun sirri. Waya tana ɓoye bayanai a cikin hoto, ana ce musu EXIF: ranar ɗauka, irin wayar, har da inda kuke tsaye idan kun bar GPS a kunne. Facebook yana cire wannan daga hoton da jama'a ke gani, amma ba kowane ƙaramin shafi ke yin haka ba. Kafin ku ɗauki hoton kaya a cikin gida, ku shiga saitin kyamara ku kashe alamar wuri.